Tambayoyin Masu Karatu: Kwanan Tanti a Duwatsun Gabashin Amurka a Watan Afrilu

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan shafi sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna gabashin Amurka, kuma dukkansu a kan abu guda suke, wato fita gandun dajin da ke kan duwatsun Appalachia bayan hunturu ya janye, a yi tafiyar ƙafa da rana, a kwana a tanti da dare. Mun haɗa su wuri ɗaya saboda amsar kowace tana taimaka wa sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, ɗalibai a wata jami'a kusa da birnin Washinton, kuma mun sami hutun kwana takwas a tsakiyar Afrilu. Muna so mu ɗauki hayar mota mu fara da gandun Shenandoah, mu bi titin Blue Ridge Parkway daga farkonsa har ƙarshensa, mu ƙare a gandun Great Smoky Mountains, muna kwana a tanti duk inda dare ya same mu. Babu wanda ya taɓa kwanan tanti a cikinmu. Yaya za mu raba kwanakin, kuma me za mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wuraren da kuka zaɓa sun cancanci wahalar zuwa, amma tsarin da ka zayyana ya fi ƙarfin kwana takwas, kuma idan kuka bi shi yadda yake, yawancin hutun a cikin mota zai ƙare. Titin Skyline Drive, wanda ya ratsa Shenandoah daga garin Front Royal zuwa Rockfish Gap a jihar Bajiniya, tsawonsa mil 105 ne, kimanin kilomita 169, kuma ba a yarda a wuce gudun mil 35 a sa'a a kansa ba. Daga inda ya ƙare Blue Ridge Parkway yake farawa, ya miƙa mil 469, kimanin kilomita 755, har garin Cherokee a Karolina ta Arewa, kuma a mafi yawan tsawonsa iyakar gudu mil 45 ce. Titi ne mai kwana-kwana wanda aka fara ginawa a 1935 domin kallo, ba domin sauri ba, ba a kuma kammala shi ba sai 1987. Wanda ya bi shi duka ba tare da tsayawa ba, zai ci sa'o'i 12 ko fiye, alhali babu mai binsa bai tsaya ba. Babu gidan mai a kansa, sai an sauka gari, kuma yawancin wuraren kafa tanti da ke gefensa ba sa buɗewa sai a watan Mayu. Ga kuma ɓarnar guguwar Helene ta ƙarshen Satumban 2024, wadda ta zaftare gefen duwatsu ta karya titin a wurare da dama a Karolina ta Arewa, har gyara ya ɗauki lokaci mai tsawo. Kafin ku ɗora wani lissafi a kan wannan titi, ku duba shafin hukumar gandun daji ta Amurka a intanet, inda ake nuna sassan da ke buɗe da waɗanda ke rufe.

Shawarata ita ce ku kwana biyu a Shenandoah, a masaukin tanti na Big Meadows da ke wajen mil na 51 a kan Skyline Drive, wanda yakan buɗe tun ƙarshen Maris. A rana ta uku ku bi Parkway gwargwadon abin da zai gamsar da ido, misali zuwa Peaks of Otter da ke wajen mil na 86, ko ku ƙarasa kusa da birnin Roanoke, sannan ku sauka babban titi mai lamba 81 ku kwana a ƙaramin otal, ku yi wanka da ruwan ɗumi, ku busar da duk abin da ya jiƙe. Sauran darare huɗu ku ba Great Smoky Mountains, ku kafa tanti a wuri ɗaya kada ku riƙa tashi, ko a Elkmont ta ɓangaren Tenesi ko a Smokemont ta ɓangaren Karolina. Ranar ƙarshe ta komawa ce, kuma daga Gatlinburg, garin da ke bakin gandun ta ɓangaren Tenesi, zuwa Washinton tuƙin kusan sa'o'i takwas ne. Kafa tanti da kwance shi kowace rana yana cinye safiya da yamma, musamman ga wanda bai saba ba, shi ya sa zama wuri ɗaya ya fi riba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne cewa za ku kwana duk inda dare ya same ku. Doka ba ta yarda da haka ba a cikin waɗannan gandaye, kuma ba a kwana a cikin mota a wuraren tsayawar kallo. Ana kama wurin tanti ne ta shafin Recreation.gov, ana kuma buɗe kamun tun wata shida kafin ranar, don haka ƙarshen mako na Afrilu yakan cika da wuri. Great Smoky Mountains shi ne gandun ƙasa da ya fi kowanne yawan baƙi a Amurka, fiye da mutum miliyan 12 a shekarar 2024, kuma Afrilu lokacin furanni ne, wanda ke jawo jama'a daga nesa. Ba a biyan kuɗin shiga wannan gandu, amma tun watan Maris na 2023 duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 sai ta liƙa takardar ajiye mota, wadda aka sa mata dala 5 na yini, 15 na mako, 40 na shekara. Shenandoah kuwa ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, kuma takardar mota ɗaya tana aiki kwana bakwai. Ku tabbatar da farashi kafin ku tashi, domin hukuma takan sauya shi.

Yanzu ga batun da nake so ku fi riƙewa. Afrilun da muka taso da shi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram watan zafi ne, kuma ko a Washinton a wannan lokaci mutum yakan fita da riga ɗaya da rana. A kan dutse lissafin ba na kalanda ba ne, na tudu ne. Duk hawan mita 1,000 iska takan yi sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin salshiyos. Garin Gatlinburg yana wajen mita 400 daga matakin teku, ƙololuwar Kuwohi kuwa, wadda ita ce mafi tsawo a gandun Great Smoky Mountains, tana mita 2,025, wato tsakaninsu akwai bambancin digiri 10 ko fiye tun kafin a sa iska da ruwan sama a lissafi. A Afrilu zafin rana a Gatlinburg yakan kai wajen digiri 22, amma a saman Kuwohi yakan tsaya wajen 9, da dare ya sauka kusa da inda ruwa ke daskarewa, kuma dusar ƙanƙara tana iya zuba a can har a wannan wata. Big Meadows ma yana sama da mita 1,000, kuma a tsakiyar Afrilu za ku tarar kwarin Shenandoah ya yi kore shar alhali bishiyoyin da ke kan tudun ba su fitar da ganye ba tukuna, saboda koren yana hawa dutsen ne a hankali, ba ya isa sama sai a Mayu. Ruwan sama kuma ba ya wasa a Great Smoky Mountains: kwaruruka suna samun kimanin milimita 1,400 a shekara, ƙololuwa kuwa fiye da 2,100.

Sanyin da ke halaka matafiyi a irin wannan wuri sau da yawa ba na tsananin hunturu ba ne. Mutum ne zai hau tudu ya yi gumi, rigarsa ta auduga ta jiƙe, ruwa ya sauko, iska ta taso, ya zauna hutawa a yanayin digiri 5 ko 8, sai zafin jikinsa ya riƙa zurarewa. Alamar farko karkarwa ce wadda ba ta tsayawa, sai hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, magana ta fara sarƙewa, tunani ya rikice, har mutum ya ce lafiyarsa ƙalau alhali yana tangaɗi. Idan kun ga haka a ɗayanku, ku tsaya nan take, ku cire masa jiƙaƙƙun kaya, ku sa masa busassu, ku raba shi da ƙasa da iska, ku ba shi abin sha mai ɗumi da sukari idan yana cikin hayyacinsa, sannan ku nemi taimako. Domin kada a kai ga haka, kowannenku ya bar auduga da wandon jins don zaman mota, ya sa riga ta ciki ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, ya ɗora mai kauri a kanta, ya riƙe rigar ruwa ta gaske a jaka ko da gari ya waye tas. Hular sanyi da safar hannu da safar ƙafa ta ulu guda biyu ko uku ba su da nauyi. Jakar barci ta zama wadda aka rubuta tana jure sanyin da ya kai digiri 5 ƙasa da sifili, kuma a ƙarƙashinta lallai a sami katifar soso ko ta iska mai tare sanyi, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin mai barci. Kada ku kunna murhun gas ko ku shigar da garwashi cikin tanti don jin ɗumi, saboda iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Ba sai kun sayi komai sabo ba, jami'o'i da yawa a Amurka suna da ofishin da ke ba ɗalibai hayar tanti da jakar barci da arha. Duk inda kuka samo tantin, ku kafa shi sau ɗaya a filin makaranta da rana kafin tafiya, kuma sabon takalmi a fara yawo da shi makonni kafin a hau dutse da shi.

Game da turbobi, a Shenandoah ku fara da Hawksbill, ƙololuwa mafi tsawo a gandun, mita 1,235, wadda hawanta gajere ne kuma tana kusa da masaukinku, sai magangarar ruwa ta Dark Hollow. Za ku ji ana yabon dutsen Old Rag, kuma ya cancanci yabo, amma zagayensa kimanin kilomita 15 ne, da hawan duwatsu da hannu da ƙafa, kuma daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Nuwamba sai da tikiti na musamman da ake saye tun kafin a zo, guda 800 kawai a rana. Idan duwatsun sun jiƙe, ku bar shi. A Great Smoky Mountains akwai turbobi fiye da mil 800, kuma a tsakiyar Afrilu kyawun yana ƙasa, a irin turbar Porters Creek da ke yankin Greenbrier, inda furanni ke rufe ƙasan daji kafin ganyen bishiyoyi ya tare musu rana. Gandun yana da tsirrai masu fure fiye da iri 1,500, kuma yawan halittunsa na daga dalilan da UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1983. Rana ɗaya mai kyawun yanayi ku ware ta don turbar Alum Cave zuwa dutsen LeConte, mai tsawon mita 2,010. Kimanin kilomita 8 ne zuwa, 8 dawowa, da hawan fiye da mita 800, kuma a sama akwai wuraren da ake dafa igiyar ƙarfe a gefen gangare, inda ƙanƙara kan daɗe ba ta narke ba. Ku tambayi jami'an cibiyar baƙi ta Sugarlands halin da turbar ke ciki, ku isa wurin ajiye mota da sassafe domin yakan cika, ku kuma yanke lokacin juyawa tun kafin ku fara, ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba. Wanda ya gaji yana iya tsayawa a ƙarƙashin babban kogon da ke wajen kilomita 3 da rabi, amma kada a bar mutum ɗaya ya koma shi kaɗai. Kuwohi kuwa mota tana kai ku kusa da sama, titinsa yakan buɗe 1 ga Afrilu, sai a taka kimanin mita 800 a kan hanya mai hawan tudu zuwa hasumiyar kallo. A tsofaffin taswirori za ku ga sunan Clingmans Dome, domin a Satumban 2024 ne aka mayar masa da sunan da al'ummar Cherokee suke kiransa da shi.

Sabis na waya ba ya samuwa a yawancin gandun biyu, don haka ku sayi taswirar takarda a cibiyar baƙi, kowa ya riƙe tocila ko da tafiyar ta rana ce, ku kuma bar wa wani a gari bayanin inda za ku da ranar dawowarku. Ruwan rafi, komai haskensa, sai an tafasa shi minti ɗaya cikakke ko an tace shi da matatar da aka yi don haka. Itacen wuta kuma ba a shigo da shi daga nesa, a Great Smoky Mountains sai wanda aka gasa aka buga masa hatimin hukuma, saboda ƙwarin da ke ɓoye a cikin itace sun kashe bishiyoyi masu yawa a gabashin ƙasar.

Tambaya: Malam, an gaya mini dajin cike yake da beyar, kuma wannan ne ya hana ni amsa gayyatar abokan aikina. Shin tsoron nawa yana da tushe?

Amsa: Yana da tushe, ɗan'uwa, amma bai kai ya hana ka tafiya ba. Hukumar gandun Great Smoky Mountains ta ƙiyasta akwai baƙin beyar, wato ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, kimanin 1,900 a cikinsa, a Shenandoah ma suna nan da yawa, kuma Afrilu lokaci ne da suka fito daga kwanciyar hunturu da yunwa, abinci bai yawaita a daji ba, uwaye kuma suna yawo da 'ya'yan da suka haifa a Janairu ko Fabrairu. Duk da haka, idan aka dubi miliyoyin da ke shiga kowace shekara, harin beyar abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma haɗarin mota da faɗawa ruwa sun fi shi cin rayuka a gandun nesa ba kusa ba.

Kusan duk rikicin beyar da mutum daga abinci yake farawa. Dabba ce mai ƙarfin shaƙar wari, kuma idan ta taɓa samun abinci a wurin tanti takan daina tsoron mutane, ta riƙa dawowa, daga ƙarshe jami'ai su kashe ta. Saboda haka duk abin da ke da ƙamshi, abinci ne, shara ce, tukunyar da ba a wanke ba ce, man goge baki ne, man shafawa ne ko turare, ba ya kwana a tanti kuma ba a barinsa a kan tebur. A masaukin mota, wato wurin tanti da ake shiga da mota, ana kulle shi a but ɗin mota ko a akwatin ƙarfen da aka tanada, a cikin dajin Great Smoky Mountains kuwa ana rataye shi a igiyoyin ƙarfen da hukuma ta kafa a kowane zango. Doka ta hana kusantar beyar ƙasa da yadi 50, kimanin mita 45, kuma ciyar da shi ko matsa masa laifi ne da tararsa kan kai dala 5,000 ko ɗaurin wata shida. Idan ka yi kiciɓis da shi a turba, kada ka gudu, domin ya fi ka sauri kuma yana hawa bishiya. Ka ja da baya a hankali kana kallonsa, ka ba shi hanya. Idan ya biyo ka bai fasa ba, ku haɗu wuri ɗaya, ku ɗaga hannuwa, ku yi masa tsawa, ku jefe shi da duwatsu. Idan har ya kai hari, da irin wannan baƙin beyar ba a kwanciya a yi kamar an mutu, ana rama duka ne da duk abin da ke hannu.

Ni abin da nake so ka fi kula da shi ƙarami ne ƙwarai, wato kaska. A Bajiniya tana ɗauke da cutar Lyme, kuma tana fara yawo da zarar gari ya yi ɗumi. Ka sa dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa, ka duba jikinka kowane dare, musamman hammata da bayan gwiwa da cikin gashi, idan ka same ta ka cire ta da hantsaki daga dab da fata. Zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa a makonnin da suka biyo baya dalili ne na ganin likita, ka kuma gaya masa ka shiga daji.

Tambaya: Yaya mutum zai tsare sallarsa da tsarkinsa da halaccin abincinsa a irin wannan tafiya, ga sanyi, ga rashin banɗaki irin na gida?

Amsa: Allah ya saka maka da alheri da wannan tambaya. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru idan nisan ya kai kimanin kilomita 80, kuma a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya tana yanke hukuncin tafiya, don haka ka kai wa malaminka tsarin kwanakinka ya duba maka shi tare da batun haɗa salloli da shafa a kan huffi. Alƙibla daga wannan yanki tana arewa maso gabas, kuma tun da waya tana iya mutuwa ko ta rasa sabis, ka riƙe ƙaramin kamfas, ka kuma rubuta lokutan salla a takarda tun daga gida. A tsakiyar Afrilu rana takan fito wajen ƙarfe 7 ta faɗi wajen ƙarfe 8, wato yini yana da tsawo, amma asuba tana zuwa ne a daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani. Ka ɗumama ruwa da dare ka zuba a fulas, da asuba ka sirka a buta ka yi alwala, ka goge jiki ka mayar da safa nan da nan. Shimfiɗar salla ta leda mai naɗewa ta fi darduma dacewa, saboda ƙasa a jiƙe take yawancin lokaci.

A masaukan mota akwai banɗaki da famfon ruwan sanyi. A kan turba kuwa ana nisantar rafi da hanya da kimanin taku 70, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe bayan an gama, kuma ba a wanka ko wanke-wanke da sabulu a cikin rafi, domin shi ne ruwan shan wanda ke ƙasa da kai. Idan Juma'a ta same ku a hanya, akwai masallaci a Harrisonburg kusa da Shenandoah, akwai kuma a Knoxville, tafiyar kimanin sa'a ɗaya daga Gatlinburg.

Nama na halal ka saye shi a birni kafin ka tashi, ka daskarar da shi, ka ci a kwana biyun farko. Bayan haka shinkafa da taliya da wake da kifin gwangwani da ƙwai sun isa, a turba kuma dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin kwaki suna riƙe ciki ba tare da nauyi ba. Kada ka sa a aiko maka da kilishi daga gida, domin kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin busasshen abincin matafiya na leda, ka kuma sani farar alewar nan mai laushi da ake gasawa a bakin wuta yawancinta da sinadarin da aka samo daga alade ake yin ta.

Tambaya: Ni da maigidana muna da yara biyu, mai shekara shida da mai tara, ga kuma surukata da ta zo mana ziyara daga gida, tana fama da ciwon gwiwa. Za mu iya irin wannan fita, ko mu haƙura?

Amsa: Za ku iya, 'yar'uwa, idan kun zaɓi gandu ɗaya kuka bar ɗayan. Ga iyali irin naku na fi son Shenandoah, kuma na fi son a jinkirta zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da dare ya sassauta kuma tudun ya yi kore. Dalilina shi ne Big Meadows yana da wurin wanka da ruwan ɗumi da wurin wanki da kanti, alhali masaukan tanti na Great Smoky Mountains ba su da wurin wanka ko ɗaya. Hajiya kuma bai kamata ta kwana a ƙasa ba. Akwai ɗakunan haya a Big Meadows da Skyland a cikin gandun, sai a kama mata ɗaki ke da ita ko ita da ɗaya daga cikin jikokin, maigida da ɗayan su kwana a tanti, a haɗu wajen cin abinci. Ku tabbatar tana da inshorar lafiya ta baƙi kafin ku fita, domin kuɗin asibiti a ƙasar yana da nauyi ƙwarai, kuma magungunanta su kasance a jakar hannu.

Turbar Limberlost, kimanin kilomita 2, shimfiɗaɗɗiya ce da aka gyara har keken guragu yana bi, da bencina a hanya, don haka Hajiya za ta iya taka abin da ta ga dama ta zauna. Yaran za su iya hawan Stony Man, wanda zuwa da dawowa bai kai kilomita 3 ba, amma a riƙe hannun ƙaramin a sama saboda babu shinge a bakin dutsen. A cibiyar baƙi ku karɓar musu ɗan littafin ƙananan jami'an gandu, wanda idan suka cika ake ba su baji. Kowane yaro ya rataya usur a wuya, a koya masa cewa idan ya daina ganin manya ya tsaya inda yake ya yi ta busawa, kada ya nemi hanya da kansa. A nuna musu tsiron nan mai ganye uku-uku da ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje don kada su taɓa shi, a kuma hana su hawa duwatsun bakin magangarar ruwa, waɗanda gansakuka ke sa su santsi ko da sun yi kamar busassu. Wurin tanti ɗaya mutum shida yake ɗauka, don haka guda ya ishe ku, amma ɗakin Hajiya da wurin tantin duka a kama su tun yanzu, a kuma zaɓi tsakiyar mako idan aikin maigida da makarantar yara sun ba da dama.